A Bar Shi a Jidda

Shekarun baya, lokacin da yayana ya shekara huɗu a Jidda bai leƙo gida ba, mahaifiyata ta kira ni tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ta ce, "Kai mai waya, duba mini, daga can zuwa Kano tafiyar nawa ce?"

Na gyara zama kamar wani matuƙin jirgi, ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Na ce, "Inna, ya haura kilomita dubu uku. A sama kusan awa biyar ne, har teku ake tsallakawa."

Ta jinjina kai. "Teku! Allah sarki, ina zai iya."

Daga ranar ta samu abin faɗa. Duk wadda ta tambaye ta labarinsa a garinmu Bunkure, sai ta ce ai teku ce a tsakani.

Wata rana wani abokina ya dawo daga kai tumatir Kano, ya same ni a gona ina ban ruwa. Ya ce, "Na ga yayanka fa. Watansa takwas da dawowa, har ya buɗe shagon jallabiya. Ya roƙe ni kada in faɗa."

Ban yarda ba sai da na je da ƙafata. Na tarar da shi ya yi ƙiba, yana ta ƙamshin turare. Na ce, "Yaya, Inna fa?" Ya kau da kai, ya ce, "Ina nan tafe. Ka san mutanen ƙauye, kowa zai zuba mini ido."

Na koma gida na faɗa wa Inna. Sai ta ce, "Wa ka gaya wa?" Na ce babu kowa. Ta ce, "To, a bar shi a Jidda."

Haka aka ƙara shekara biyu. In ya kira ta, sai ta tambaye shi ya zafin can, shi kuma ya amsa mata ba kunya.

Wata rana da sassafe ta rasu. Na kira shi, kafin a gama haƙa kabari ya iso a motarsa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta riƙe haɓa tana kuka, ta ce, "Ikon Allah! Jirgi da sauri. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Yanzu muna gaisawa, yayana ne, ina rusuna masa. Amma abu ɗaya ya tsaya mini a wuya: matar da ban taɓa jin ta yi ƙarya ba, ta ƙare rayuwarta tana yi don ta rufa masa asiri. Har gobe mutanen unguwarmu suna yabon ƙoƙarin da ya yi ran nan. Ban taɓa gyara musu ba, domin ita ta hana.