Farin Garin da Aka Zuba Mini a Haƙori

Shekarar da aka karya darajar sefa ne turmin haƙorina na hagu ya tashi. Muna zaman baƙunci a wata ƙasa ta bakin teku lokacin, a unguwar Akébé, a bayan wani shagon walda, maigidana yana jan taksi, ni kuma ina sayar da atamfa a ƙofar gida. Na gwada kanwa, na gwada kanumfari, kuncina sai ƙara hawa yake. Ranar da maigidan ya dawo na kasa amsa masa sallama, ya ce in ɗauko mayafi.

Unguwar Louis ya kai ni, wajen wata likitar haƙori 'yar ƙasar, dattijuwa mai sanyin hannu. Asibitinta a saman bene yake, daga kan kujera ana hango teku. Faransancina bai wuce na ciniki ba, don haka shi ya tsaya a kaina yana juya mini maganarta.

"Ta ce cutar ta sauka har saiwa, amma ba za ta cire ba. Za ta wanke ramin, ta cusa wani farin gari dangin farar ƙasa. Shi zai kashe ƙwayoyin cutar, wurin ya warke a hankali."

"Malam, tambaye ta, ƙasa za ta sa mini a baki?"

Da ya faɗa mata sai ta yi dariya. Ta ce tun da kuɗi ya faɗi kayan waje sun daina zuwa, amma wannan garin tana da shi, kuma bai taɓa ba ta kunya ba, sai dai ba ya son gaggawa.

Ta yi mini allura, rabin fuskata ya tafi ya bar ni. Ina kallonta tana kwaɓa garin a kan ɗan gilashi, sai na ga innata a Damagaram tana shafe ɗaki ana jibi Salla, hannunta fari har gwiwa. Jiragen ruwa suna tsaye can nesa kamar an manta da su. Ban san lokacin da ta gama ba. Ta toshe bakin ramin, ta ce mu dawo bayan 'yan makonni a ƙarasa.

Kafin lokacin ya cika aka fara kamen baƙi. Jandarmomi suka tare hanyoyi suna neman takardar zama. Tawa tana da sauran rai, ta maigidana ta mutu, kuɗin sabuntawa kuma ya fi ƙarfinmu. A hanyar Okala aka sauke shi daga mota. Wani maƙwabcinmu ne ya kawo mini makullin motar, ya ce ya ga sanda aka shigar da shi da sauran baƙi jirgin ruwa za a mayar da su gida.

Na rufe ƙofa na zauna. Ruwa yana ta zuba a kan kwano, ba na rarrabe hantsi da la'asar. Harshena kullum yana kan toshiyar nan, ina jin ɗanɗanon alli. In na gyangyaɗa sai in gan ni ina tafiya a cikin wani dogon farin lungu mai sanyi, ina jin tarin maigidana a gaba, ban taɓa cim masa ba. Ciwon ya tafi ban ma lura ba.

Daga baya na daure na koma ni kaɗai. Likitar ta duba bayana, ta ɗaga gira. Na nuna mata teku da hannu. Ta daɗe tana kallon tagar, sannan ta zaunar da ni. Ta ɗauki sabon hoton cikin haƙorin, ta ɗaga shi kusa da wanda ta ɗauka ranar farko a hasken rana: baƙin tabon da ke gindin saiwar ya koma kamar ƙwayar gero. Ta wanke, ta cike ramin, ba mai fassara, ba wanda ya nemi a yi. Da zan sauka ta dafa kafaɗata ta ce, "Sannu." Ban san a bakin wa ta tsince ta ba.

Da ruwa ya ɗauke na karyar da atamfofin na bi maigidana gida. A tashar Maradi na same shi yana lodin albasa, ya rame, ya tara gemu. Ya karɓi jakata, muka taka zuwa gidan yayarsa.