Ranar da Aka Ce An Zuba Suga a Injin Motar Ɗana

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe ranar da na tsaya a garejin kanikawa ina kankare injin mota da farcena. Ni mai tuyar ƙosai ce a unguwar Kpakungu. Abin da na sani game da mota bai wuce shiga da sauka ba.

Babban ɗana yana da ƙaramar bas mai jigilar ɗalibai zuwa jami'ar da ke Gidan Kwano. Direbanta ɗan maƙwabciyata ne, magidanci mai 'ya'ya uku. Ni da uwarsa mun fi shekara talatin muna miƙa wa juna gishiri ta katanga, ita tana zuwa cocinta, ni ina zuwa islamiyyata, ko sa-in-sa ba mu taɓa yi ba.

Sai motar ta fara wata ƙara kas-kas, tana zafi, ƙarfinta ya ragu. Da aka kai ta gareji aka buɗe murfin injin, aka tarar cikinsa ya yi jawur, wani abu mai sheƙi da danƙo ya manne wa ƙarafan. Wani ɗan kallo ya leƙa ya ce, "Kai! Wannan ai suga aka zuba." Kwana biyu kafin nan ɗana da direban sun yi cacar baki a kan fita aiki ranar Lahadi. Shi ke nan, zance ya zauna. Ɗana ya ƙwace makulli, ya rantse sai ya kai shi ga 'yan sanda.

Da hantsi uwar direban ta shigo mini ba ko sallama, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Maman yara, ɗana ba mugu ba ne." Na sauke kasko, na ɗauki mayafi da tabarauna.

A garejin na tarar da ɗana yana ta faɗa, direban kuwa ya jingina da bango, idonsa ya kaɗa. Ɗana ya ce, "Inna, me ya kawo ki? Wannan ba maganar mata ba ce."

Ban ɗaga murya ba, don ban iya ba. Na ce, "A nuna mini sugan."

Na sa farce na kankaro, na shinshina. Wallahi na san warin nan. Duk macen da ta daɗe tana tuya ta san shi. In kika bar man gyaɗa ɗaya a kasko, kullum yana shan wuta kina ƙara sabo a kan tsoho, haka gefen kaskon yake yin jan danƙo wanda sabulu ba ya fitarwa. Na roƙi mai shayin bakin garejin ya ba ni tafasasshen ruwa a kofi, na jefa abin a ciki, na juya da cokali. Na ce, "Suga ko ya ƙone ya zama alawa, ruwan zafi yana narkar da shi. Mu jira."

Muka jira. Bai narke ba, sai maiƙo da ya taso sama.

Tsohon bakaniken da ya buɗe injin ya tuntsire da dariya. "Hajiya, gobe ki zo in ba ki sifana! Tun ɗazu nake son in faɗa, an hana ni baki." Ya ce su banish suke ce masa, kuma tsohon baƙin mai ne da zafi ya dafa har ya bi ƙarfe. Ya juya ga ɗana. "Alhaji ƙarami, yaushe rabonka da juyen mai?"

Ɗana ya sosa ƙeya. Ashe baƙin mai na kwalba yake saye a bakin titi, in ya ragu a yi ciko. Direban ya ce, "Mama, tun damina na gaya mashi. Ya ce wai mai ba ya ruɓa."

Raina ya ɓaci, amma ban kunyata ɗana a gaban mutane ba. Cewa na yi ba zan bar wurin ba sai an zuba wa motar man kirki. Bakaniken ya ce iri biyu ne: akwai na gama-gari, akwai wanda ake kira sintetik, ya fi tsada amma ya fi jure zafi, ba ya saurin dahuwa. Ya ce ko shi ɗin ba tsafi ba ne. Sai an wanke injin, an sauya filta, an yi juyen farko da wuri don dauɗar da zai kwaso.

Ɗana ya fara, "Inna, na gama-garin ma ai..."

Na ce, "Motar da take wuni a rana tana tsaye-tsaye, mai jure zafin za ta sha."

Muka tafi shago ni da ɗana, da murfin man motar a hannuna. Turanci ba nawa ba ne, amma a ajin yaƙi da jahilci na koyi baƙi da lamba. Na sa tabarau, na bi lambar da ke kan murfin man motar ɗaya bayan ɗaya, na gwada da ta jikin galan. Na farko bai dace ba, na mayar. Na biyu ya dace amma an taɓa hatimin bakinsa, shi ma na mayar. Mai shagon ya ce, "Mama, ke kwastan ce?" Na ce, "Kawo na uku, ɗan nan."

A hanyar gida na faɗa wa ɗana abin da ya rage masa, wato ba da haƙuri. Da la'asar ya shiga gidan maƙwabciyata, ya durƙusa a gabanta, ya ba ɗanta haƙuri, ya miƙa masa makulli. Sai da direban ya yi mako guda kafin ya karɓa, kuma ban ga laifinsa ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in abu ya lalace a hannunka, ka fara tambayar kanka me ka daɗe kana ɗagawa zuwa gobe kafin ka nemi maƙiyi. Inji ana wanke shi a wuni ɗaya, amma sunan mutum in ka ɓata shi, babu galan ɗin da za ka saya.