Gaisuwar da Na Kai Fassi

Jama'a, wannan abu ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma Allah ne shaidata ban ƙara masa gishiri ba. Shekarun baya ne, lokacin ina Manjo ina riƙe da kamfani guda na sojoji a can Arewa maso Gabas. Wanda bai san aikin ba gani yake ba da oda ne kawai, alhali cinsu da shansu da takalminsu da harsashinsu duk a wuyanka suke, kai za ka raba gadi, kai za ka hukunta wanda ya yi laifi ko da kana ƙaunarsa, kuma in an rasa mutum kai za a tambaya. Ga mutane fal a gabanka, amma babu wanda za ka ce wa ka gaji.

A cikin yarana akwai Kofur Sabi'u, mutumin Fassi ta ƙasar Kibiya, ba shi da yawan magana. Wata fita da muka yi aka harbe shi, a kan cinyata ya cika, mu muka yi masa sutura muka binne shi. Lambar gidansu da ya bayar aka yi ta kira ba ta shiga, shi ne da na samu hutu na ɗauko jakarsa na ce ni da kaina zan je.

Damina ce. Na bar kakin a gida na sa kaftani, na tuƙo motata ni kaɗai daga Kano, na wuce Rano da duwatsunta na miƙi hanyar Kibiya, dawa ta yi tsawo hagu da dama, ina tafe ina jera yadda zan fara maganar ina rushewa. Ruwa ya kwana biyu yana sauka, dole na bar motar a bakin gari na ƙarasa a ƙafa, caɓi har idon sawu. Bayan azahar na yi sallama a ƙofar gidan.

Wani dattijo ya fito, Malam Haladu, kawun Sabi'u. Ban ma faɗi ko ni wane ne ba ya washe baki. "Yallaɓai Manjo ne? Sannu da hanya, ai tun safe ake zuba ido."

Ni kuwa wallahi ban gaya wa kowa zan zo ba. Ya shigar da ni wajen mahaifiyar Sabi'u, na tarar an shimfiɗa sabuwar tabarma a rumfa, ga kwano a rufe. Na durƙusa na gaishe ta na ce, "Inna, wa ya ce muku ina tafe?"

Ta ce, "Yaronka mana. Jiya da la'asar ya shigo, ya ce ogansa na nan zuwa, a yi masa tuwon dawa. Ya ce kullum sai kowa ya ci kake ci, kai kaɗai a bayan mota, abincin ya huce."

Innalillahi! Na ja Malam Haladu zaure na gaya masa gaskiya, cewa Sabi'u ya fi mako a ƙasa kuma ni na kama makararsa. Dattijon ya zame ya zauna daɓas, ya ce, "Yallaɓai, jiya tare muka yi la'asar. Kafaɗarsa tana gogar tawa a sahu."

Muka koma ciki, ya fara lallaɓa maganar, ta ɗaga masa hannu. "Bari, Haladu, na sani. Na ba shi ruwa bai sha ba. Da ya fita na bi shi da kallo, tsakar gidan nan duk taɓo, ga sawun kaji ga na akuya, nasa babu ko ɗaya." Ta share ido da bakin mayafi ta turo min kwanon. "Ci, ɗan nan. Abin da ya roƙe ni ke nan."

Na ci, hawaye na ɗiga a miyar, ita da Malam Haladu suna zaune ba wanda ya tashi har na gama. Na miƙa jakar, muka yi addu'a, na kamo hanya. Daga Kibiya har Rano ban iya duba madubin mota ba, don ji nake kamar akwai wanda ya rako ni a kujerar baya.

Na tambayi malamai da dama, wani ya ce aljani ne ya ɗauki siffarsa, wani ya ce in bar wa Allah saninsa. Ni dai har na yi ritaya ban sami amsa ba, kuma har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Shawarata gare ku, in Allah ya ɗora muku mutane, ku san iyayensu da hanyar garinsu tun suna da rai. Wanda kuma ya karanta wannan, don Allah ya yi wa Sabi'u addu'a.