Takardar da Kawu Tokuji Ya Ɓoye

"To ai ba laifin Inna ba ne, Kawu," na ce masa.

"Na sani. Kai za ka koya min?" Ya gyara ƙafarsa ta hagu a kan akwatin kifi, ya ci gaba da ɓare albasa a cikin kwano, bai dube ni ba.

Kawu Tokuji wan mahaifiyata ne. Shekara goma sha shida ya yi a gidan 'yan kokawar sumo, bai taɓa yin suna ba. A can ya saba da ƙin karyawa da safe, ya ci kwano takwas na shinkafa da rana, ya kwanta don jiki ya ƙaru. Da ya bar kokawa ya buɗe ɗan gidan abinci a garin Hirosaki na Japan, amma kwanukan suka biyo shi.

Watan jiya sharaɓarsa ta kumbura. A gidan kokawa ba a kukan ciwo. A murza, a ɗaure, a koma fage. Sai ya sa matarsa, Inna Fumie, ta murza masa da ƙarfi. Washegari numfashi ya gagare shi. A asibiti aka ce gudan jini ne ya ɓalle daga ƙafar, ya tafi huhu.

"Likitar sa'ar 'yata Chiyo ce," ya ce. "Ta ce jikin kowa yakan narkar da gudan jini da kansa. Nawa kuwa, kitsen ciki da sukarin da ya ƙi jin magana sun rage masa wannan ƙarfin. Ta tambaya ko an taɓa yi min gargaɗi. Na ce a'a."

Ya zaro wata takarda daga aljihu, duk ta sha maiƙo. Ta gwajin lafiya ce ta shekara uku da suka wuce, an ja jan layi a ƙarƙashin sukari da faɗin ƙugu.

"Cikin tsohuwar tukunya na ɓoye ta. Innarka kuwa tun da na dawo daga asibiti ba ta cin abin kirki. Wai hannunta ne ya kusa kashe ni."

"Ka nuna mata mana."

"Ɗana, sau ɗari huɗu aka kayar da ni a gaban jama'a. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba."

Daga ɗakin girki Inna ta ɗaga murya. "Baban Chiyo! Albasar nan shuka ta kake yi?"

Can ya warware takardar, ya shimfiɗa ta a kan albasar, ya ɗauki kwanon da hannu biyu, ya nufi ɗakin girkin yana ɗingishi.