Fuskar da Tukuna Ya Zana da Hagu

Abokina Tukuna mai zane ne. In ka taɓa bin layinmu ka ga hoton almakashi a ƙofar shagon aski, ko kazar nan mai murmushi a bangon mai sayar da ƙwai, to ka ga hannunsa. Ni kafinta ne. Shagona na jingine da nasa, katako ne ya raba mu, kuma ni na kafa katakon. Bana ya rasu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ina so in ba da labarin aikinsa na ƙarshe, don masu tsayawa su ɗauki hoto a gaban bangon gidan kallo su san abin da suke kallo.

Tukuna ba sunansa na gaskiya ba ne, bakinsa ne ya jawo masa. Fenti ya bushe? Tukuna. Ka ci abinci? Tukuna. Matarsa ta ce ko ranar da aka tambaye shi ya shirya aure abin da ya fara faɗa ke nan, sai da ta galla masa harara ya gyara magana.

Muna samari muka haɗu. Lokacin ina koyon aiki, mai sayar da ƙusa yakan ƙunshe mana ƙusa a yagaggun shafukan wani littafin zane-zane. Wata rana na juye ƙusa na yar da takardar, sai wani siririn saurayi mai gawayi a yatsu ya tsince ta, ya shafe ta a cinyarsa kamar wanda ya tsinci zinariya. A jiki akwai wani jarumi mai fukafukai, ya sauko daga sama ya sure wani mugu. Ba ma jin harshen da aka rubuta, sunan jarumin ma bai zauna a bakinmu ba, sai muka sa masa Shirwa. Tun daga ranar duk ƙunshin ƙusa da na karɓo, takardar tasa ce. Shafukan ba sa bin juna, shi yake cike giɓin da bakinsa. Da muka girma aka samu mai fassara mana, sai muka ga labarin Tukuna ya fi na littafin daɗi.

Da zane ya yi aure, da shi ya aurar da ƙannensa, ya sa 'ya'yansa mata a makaranta. Da injin buga fostar roba ya shigo, aiki ya ja baya. Masu shago suka koma can, tunda da safe ka kai hoto, da rana ka karɓa. Tukuna bai zagi inji ba. Cewa ya yi, "Inji bai san bango ba. Ni kuwa sai na shafa bango na ji inda yake shan ruwa." Ya ci gaba da wanke burushinsa da kananzir, yana waƙa da muryar da ke korar kaji.

Sai labari ya zo cewa za a yi fim ɗin Shirwa. Mai gyaran waya ne ya shigo da shi a guje, har ya yi tuntuɓe da zartona. Tukuna ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ashe zan gani da idona."

Mai gidan kallon da ke bakin layi, wanda kowa ke kira Manaja, yana da bango babba mai fuskantar titi. Tukuna ya je ya roƙi bangon. Manaja ya ce ya ba shi, da sharaɗi: ranar da tallan fim ya fito, in bango bai kammala ba, zai rufe shi da fostar inji. Suka yi musabaha.

Ni na haɗa masa abin takawa. Muka jiƙa zare da shuɗi, na riƙe gefe, ya riƙe gefe, muka ɗaɗa wa bangon layuka. Ya zana fukafukai, gashi bayan gashi. Ya zana ƙirji da takalma da garin da ke ƙasa, ƙanƙane kamar akwatin ashana. Fuska kaɗai ya bari fari fat, don ba a faɗi ɗan wasan da zai fito a Shirwa ba.

Nan layinmu ya rabu biyu. Mai gyaran waya da mutanensa suka ce wani tsohon ɗan kokawa ne, da muke kira Dogo. Mai aski da nasa suka ce wani mawaƙi ne, Ɗan Gayu. Kullum da hantsi sai a taru a benci a gaban shagona, kowa da hujjarsa.

"An ga Dogo ya fito daga ofishin masu fim da jaka," in ji mai gyaran waya.

"Jaka?" in ji mai aski. "Kai ma kullum da jaka kake fita, kai ne Shirwa? Mutumina ya aske gemu, ya fara ɗaga ƙarfe. Ni na san abin da aski yake nufi."

"Wannan da iska za ta kwashe? In ya sure mugu, mugun ne zai tashi da shi."

"Naka fa? Wane fiffike ne zai ɗaga wannan buhun siminti?"

Sai su juyo kan Tukuna. "Mai zane, raba mana gardama. Sa fuska!"

Yana da ƙa'ida. Jita-jita alli yake ba ta, fenti sai abin da ya tabbata. Yakan hau ya zana Dogo da alli, mutanen Dogo su yi ta ihu suna ɗaukar hoto. Kwana biyu a ji matar Ɗan Gayu ta sa hoton tsuntsu a shafinta, sai ya sa tsumma ya goge, ya zana Ɗan Gayu. Akwai ranar da suka ishe shi, ya zana fuskar Manaja da sanƙonsa. Har Manajan ya yi dariya, amma ya ce a goge kafin matarsa ta wuce.

Ana cikin haka ciwo ya kayar da shi. Yana gauraya fenti na ji gwangwani ya faɗi, na leƙa na same shi a ƙasa, baki ya karkace. A asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Da aka sallamo shi, hannun da ya ciyar da gidansa yana rataye kamar rigar da aka shanya. Maganarsa ta dawo da nauyi, amma ta dawo. Abin da ya fara tambayata shi ne, "An faɗi ɗan wasan?"

Na ce ba a faɗa ba.

"To kawo min alli."

Matarsa ta ce, "Baban yara, ka ji tsoron Allah. Cokali ma ba ka iya riƙewa."

"Hagu ai nawa ne," ya ce. "Zaman banza ya yi ta yi tun da aka haife ni. Yanzu zai biya kuɗin haya."

Tun daga nan kullum nakan ɗauko shi a kekena in zaunar da shi a shagona, in jingina masa guntun katako. Da'irarsa ta farko ta fi kama da dankali. Ya dube ta ya ce, "Kai, wannan Dogo ne sak." Alli ya yi ta suɓucewa, ina tsintowa. Wani lokaci sai in ga gumi na ɗiga daga haɓarsa, sai in kunna injin goge katako don kada ya ga ina kallonsa. Hannun yana rawa in ya yi nisa da jiki, don haka na fere masa doguwar sanda mai santsi, na naɗe kanta da tsumma. Kan sandar ya dafa katako, ni in riƙe gindin, shi ya ɗora wuyan hannunsa a kai ya ja layi. A hankali hanci ya fara zama hanci. Ya zana Dogo, ya zana Ɗan Gayu, har guntayen katakona suka ƙare, muka koma bayan ƙofar da wani ya ba ni gyara.

Amma jikinsa na raguwa, kowa na gani. Rigarsa ta yi masa yawa. Sai ga wata jita-jita mai ƙarfi, har da hoton Dogo sanye da fukafukai. Mai aski da kansa ya sallama, ya zo ya durƙusa gaban Tukuna ya ce, "Yaya, na yarda, Dogon ne. Ka sa fenti." Manaja ya aiko cewa an ce tallan ya kusa, kada a ce bai faɗa ba.

Ni ma na roƙe shi. Na ce, "Ɗan'uwa, ka yi yanzu da sauran ƙarfinka. In ma kuskure ne, wa zai kama ka?"

Ya ce, "Kai ka taɓa kafa ƙofa a gidan da ba a gina ba?"

"Wannan daban."

"Fuska ɗaya ta rage a hannun nan, na sani. In na kashe ta a kan an ce, ba ni da wata. Hoton nan kuma dubi inuwar wuyansa, ta kalli gabas, ta fiffiken ta kalli yamma. Haɗawa aka yi."

Na fita na tsaya bayan shago, na yi abin da ba na so ya gani, na wanke fuska na dawo na riƙe masa sanda.

Da masu fim suka yi magana da bakinsu, ba Dogo ba ne, ba Ɗan Gayu ba ne. Wani saurayi ne da ba wanda ya taɓa jin labarinsa, mai manyan kunnuwa da ɗan tabo a gira. Mai gyaran waya ya ce, "Wannan ai kamar mai kawo mana gas." Mai aski ya ce ko askinsa bai yi ba. Ni kuwa na dubi tulin katakon da ya cika da fuskokin da ba su da amfani.

Tukuna ya yi ta dariya har ya ƙware. Ya ce, "Me ya dame ka? Hannun na koya wa aiki, ba fuskar ba. Kawo wayar nan kusa. Kai, ku dubi kunnuwa! Wannan ko ba fiffike zai tashi."

Tsani ya fi ƙarfinsa, sai na haɗa masa dandamali mai faɗi, na ɗaure kujera a kai. Mutanen Dogo da na Ɗan Gayu suka haɗu suka ɗaga shi sama kamar tulun da ake tsoron ya fashe. Matarsa ta zo ta tsaya a ƙasa tana riƙe da maganinsa da ruwa, ta ce, "In ka faɗo, ni da kai ne." Ya ce, "In na faɗo Shirwa zai sure ni."

Da sanyin safiya muke yi, kafin rana ta zo bangon. Ni a tsaye gefensa da sanda, shi yana cewa, "Sama kaɗan. Ƙasa. Kai, kafintan nan, numfashinka na girgiza min hanci." Wata rana gira ɗaya kawai muka yi ya ce a sauke shi. Wata rana bai iya fitowa ba sam.

Muna kan ido na biyu tallan ya fito. Da hantsi sai ga Manaja da naɗaɗɗiyar fosta a kafaɗa da masu kafa ta. Ya tsaya a ƙasa ya ɗaga kai. Tukuna bai juyo ba, ya ce, "Manaja, alkawari alkawari ne, bangonka ne. Amma in za ka rufe, ka rufe da ni a ciki, don ba zan sauka ba sai na sa masa ido."

Manaja ya gyara fostar a kafaɗa. Ya dubi hannun dama da ke kwance a cinya, ya dubi na hagun da ke kan sanda. Ya ce, "Ido nawa ya rage?"

"Rabi."

"To ni ban ga tallan ba tukuna. Wayata ba caji." Ya juya ya ce wa mutanensa su kai fostar ciki, ta yi kyau a bayan masu sayar da tikiti.

Kafin azahar ya ɗiga farin nan ɗan mitsitsi da ke sa ido ya yi rai. Ya miƙo min burushi ya ce, "Wanke shi da kyau, kada ka bar shi ya ƙage." Idon hagu ya ɗan fi na dama tsayi, kowa ya gani, ba wanda ya faɗa. Shi ya faɗa da kansa: "Yana duban mugu ne ta gefe."

Bai ƙara hawa ba. Bayan 'yan makonni ciwon ya dawo, ya tafi a ɗakinsa, matarsa da 'ya'yansa na gefensa, ni ina bakin ƙofa. Ban san yadda ake zama a shago ba a ji waƙarsa ta bayan katako. Har yanzu ina koyo.

Fim ɗin bai fito ba, an ce sai baɗi. Tsakaninmu da baɗi akwai damina, kuma ruwan indararon gidan kallo a kan fuskar nan yake sauka. Na je na gaya wa Manaja, ya ce in yi abin da na ga dama. Mai aski ya kawo kwanon rufi, mai gyaran waya ya kawo ƙusa, katako nawa ne. Na riga na auna, na yanka. Gobe da safe, in Allah ya kai mu, zan hau in yi masa rumfa.