Wuri Mafi Sanyi a Rumfar Kamu

Ranaku da yawa sun wuce ni a ofishin nan ban riƙe komai daga cikinsu ba, amma har gobe ban manta da Asabar ɗin da na yi kiɗan kamun 'yar Hajiya Mariya ba, da Talatar da ta biyo bayanta. Ku da kuka shigo kwanan nan kuna ganina da ƙatuwar gorar ruwa kuna ƙus-ƙus a bayan idona, kada ku zaci ban sani ba. To ku gyara zama ku ji dalili.

Kamfaninmu dai kayan sola yake sayarwa. Babban ofis yana nan Nassarawa GRA, rassa kuma a Dutse da Haɗejiya da Katsina da Funtuwa. Duk wanda aka ɗauka aiki a tebur yake farawa, yana karɓar odar rassa ta waya. In an ga hankalinsa sai a mai da shi jami'in duba rassa: ya shiga mota ya je ya ga kayan da ke sito, ya saurari koken masu saye, ya dawo ya kai rahoto ga shugaban sashe. Daga cikin masu fitar nan ake zaɓar manajan reshe, wanda bai taka hanya ba kuwa a tebur zai tsufa. A lokacin ni kaɗai ce mace a cikinsu, kuma sai da na yi gumi kafin na samu. Shugabar sashenmu ita ce Hajiya Mariya, mace mai kirki mai faɗa. In tana sonka har gida za ta aiko maka da dambun nama, in ka yi mata wasa da aiki kuwa sai ka gwammace kiɗa da karatu.

Asabar da Lahadi kuma ni DJ ce. Bikin mata zalla nake yi, kamu da sa lalle da wunin suna, saboda gidaje da yawa ba sa son namiji ya zauna yana ƙare wa matansu kallo suna rawa. Tun ina jami'a na fara da aron lasifika, har na haɗa kayana. Bayan la'asar nake kunnawa, ana kiran magariba in kashe. Ofis sun san da sana'ar, babu wanda ya taɓa ce mini uffan.

Abin da ba su sani ba shi ne ina da sikila, wato amosanin jini. Abu uku ne ke tayar mini da shi: sanyi, ƙishirwa da gajiya. Na iya zama da shi. Ina shan maganina, ina ganin likita duk wata, ruwa kuwa ba ya barin hannuna. Mutum ɗaya ne ya sani a kamfanin, Baba Iro direba, dattijo mutumin Ringim da ke kai ni rassa. Ya ga kullum ina roƙonsa ya kashe esin mota ana tsakiyar zafi, wata rana ya tambaye ni na faɗa masa, ya ce, "Hajiya ƙarama, bakina ƙanin ƙafata." Kuma ya cika. Na ɓoye ne don na san halin mutanenmu. Da sun ji an ce sikila sai su fara lallaɓa ka kamar tulun da ya tsage. Ni ba ƙiyayya nake tsoro ba, tausayi nake tsoro, don shi ne zai mayar da ni tebur.

Bayan ƙaramar Sallah ne, lokacin da zafin bazara ya kai maƙura, bukukuwa kuma suna hawa kan juna. Hajiya Mariya ta kira ni ofishinta ta ce, "Sa'adatu, ke za ki yi mana kamun Hafsa. Ba na son wani ƙato a tsakiyar baƙina."

Wa ya isa ya ce a'a? Kuma gaskiya ina so, don bikin gidan Hajiya ba ƙaramin talla ba ne ga mai sana'a irina. Sai dai a makon na zagaya Katsina da Funtuwa, ban shigo Kano ba sai yammacin Juma'a, jikina duk a mace.

Ranar Asabar na isa gidan da wuri. An kafa wata rufaffiyar rumfa a farfajiya, an jera manyan esi irin na tsaye a cikinta. Ina shiga na hango teburina, gabana ya faɗi. An dasa shi daf da bakin wanda ya fi kowanne girma, har an ja wayoyin wuta an danne su da darduma. Mai kula da wurin ita ce yayar Hajiya Mariya, wata dattijuwa mai fara'a da ake kira Hajiya Yalwa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, ko za a ɗan matsar mini da teburin nan can gefe?"

"Ina!" in ji ta. "Ai ƙanwata ce da kanta ta ce a ba ki wuri mafi sanyi. Ta ce yarinyar nan jiya ta dawo daga tafiya, kada a bar ta cikin zafi. Ke dai zauna ki sha iska, 'yar albarka."

Kafin in rufe baki ta sa an dire mini jug na zoɓo, ƙanƙara na iyo a ciki. Ku da kuka tashi a garin nan kun san ba a mayar da karamcin babba. Ka ce ba ka so, an ce ka raina. Ka faɗi dalili, asirinka ya tonu. Na kai kofin bakina kamar na sha, na ajiye. Na ninka mayafina na yafa, na kunna kiɗa.

Ga wanda bai san kamu ba, dangin ango mata ne ke zuwa neman amarya, ƙawayenta su tare hanya, a yi ta ja-in-ja da barkwanci, sannan a buɗe fuskarta a fesa mata turare. Duk daɗin abin yana hannun mai kiɗa. Sai ka san lokacin da za ka rage sauti a ji tsiyar da ake yi wa juna, da lokacin da za ka saki waƙa guɗa ta tashi. Ba wurin da ake barin tebur a je shan rana ba ne.

Rumfa ta cika, rawa ta yi daɗi, ni kuwa iskar nan tana dukan bayana ba ƙaƙƙautawa. Can sai na ji shi. Daga ƙugu yake fara mini, ya gangara ƙwauri, kamar ana sara ƙashin da ƙaramin gatari. Na san abin da ke biye. In na yi shiru, kafin magariba ranga-ranga za a fitar da ni a gaban dangin ango, bikin yarinya ya koma jaje. In na yi magana kuma, na san abin da zan tarar a ofis. Wallahi na ji tsoro. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na sa doguwar waƙa, na lallaɓa na sami Hajiya Mariya tana gaisawa da baƙi, na ja ta gefe.

Na ce, "Hajiya, ina da sikila. Sanyin nan zai kayar da ni. A kashe esin da ke bayana, a ba ni ruwan zafi, zan ƙarasa miki bikinki."

Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Sikila? Ke Sa'adatu? Kuma nake ta jefa ki a titi? Maza a kira Iro ya kai ki asibiti."

"Hajiya, dangin ango suna bakin ƙofa. In na tashi yanzu wa zai riƙe wurin? Na san jikina, akwai sauran lokaci."

Da hannunta ta zare wayar esin. Aka kawo mini shayi mai citta, na haɗiyi maganina, na ja kujera na zauna. A zaune na yi kamun nan, ina cije leɓe, amma ko waƙa ɗaya ban sa a inda ba wurinta ba. Ana buɗe fuskar Hafsa na saki sauti, guɗa ta cika gidan. Ana kiran magariba na kashe, Baba Iro ya kwashe ni sai asibiti. Aka yi mini allura da ƙarin ruwa, Lahadi aka sallame ni, Litinin na huta a gida da izini.

Talata na shigo ofis da shirin tafiya Haɗejiya washegari, don ni ce a kan layi. Na tarar da Baba Iro yana goge mota, ya ƙi haɗa ido da ni.

"Baba, gobe da sassafe ko?"

Ya matse tsumma ya ce, "An ce da abokin aikinki Kabiru zan tafi, Hajiya ƙarama."

A kan teburina kuma ga kwandon lemo da ayaba, ga sabon bargo a leda. Kowa ya wuce sai ya sassauta murya ya ce mini sannu. Tabɗi! Raina ya ɓaci har idona ya kawo ruwa. Ban ko ajiye jaka ba na ƙwanƙwasa ƙofar Hajiya.

Ta tare ni da fara'a. "Zauna, 'yar nan. Don ke na yi. Na mayar da ke karɓar oda, babu abin da zai ragu a albashinki."

"Hajiya, na gode. Amma ba a tebur nake so in tsufa ba. Tun da na fara fita, akwai rahotona da ya taɓa makara? Akwai reshen da ya kawo ƙarata?"

"Babu. Amma da ban sani ba, yanzu na sani. In kuma lallai sai kin fita, to ki ajiye kiɗan nan. Taura biyu ba ta taunuwa."

Na ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Hajiya. Ba hanya ce ta kayar da ni ba, ba kuma kiɗa ba. Haɗa su na yi a mako ɗaya, sanyi ya ƙarasa. Daga yau duk makon da na fita ba zan karɓi biki ba, ko na waye. Kafin kowace doguwar tafiya kuma likitana zai duba ni, in ya ce a'a ni da kaina zan zo in faɗa miki. Amma kada a zaɓa mini."

Na faɗa ne kawai, amma cikina ya san abin da na sarayar, don rabin bukukuwan bazara ke nan na miƙa wa wasu.

Ta juya biron da ke hannunta. Can ta ce, "In kika faɗi a hanyar Haɗejiya, da wane ido zan kalli mahaifiyarki?"

Na ciro wayata na miƙa mata. "Ki tambaye ta."

Na zaci ba za ta karɓa ba. Ai kuwa ta karɓa, ta kira Ummata, ta buɗe murya yadda ni ma zan ji. Suka gaisa, aka tambayi gida da gajiyar biki, sannan Hajiya ta zayyana mata komai, ta ƙare da cewa ita dai tsoron amana take ji.

Umma mace ce marar yawan magana. Ta ce, "Hajiya, Allah ya saka da alheri, na ga kulawa. Amma abin da kike so ki yi, ni na riga ki yin sa. Tana ƙarama na hana ta wasan waje, in hadari ya haɗo na hana ta makaranta. Ciwon bai fasa zuwa ba, har kan gadona yake iske ta. Abin da na ƙara mata kawai shi ne tsayuwa a taga tana kallon yara. Yayanta ma haka na tsare shi, ko Wudil bai taɓa zuwa ba, kuma a cikin ɗakin Allah ya karɓi abinsa. Wannan ki bar mini ita ta ga duniya."

Tun rasuwar Yaya ban taɓa jin Umma ta yi zancensa da wani ba sai ranar. Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan jakata. Hajiya ta yi mata godiya da ta'aziyya, ta kashe wayar, ta goge ido da gefen mayafi.

"Tashi ki gaya wa Iro da ke zai tafi," in ji ta. "Amma wallahi na ji labarin kin kunna ko rediyo ne a gidan biki Asabar ɗin nan, ni da ke ne."

To kun ji. Har yau ina fita, har yau ina kiɗa, kuma ban sake haɗa su a mako ɗaya ba, ko da an yi ta roƙona. Abin da na koya shi ne, a wurin aiki ba mugu kaɗai ke tare wa mutum hanya ba, mai ƙaunarka ma yana iyawa, kuma nasa ya fi wuyar turewa don da zuciya ɗaya yake yi. Wata rana ku ma za ku zama shugabanni. In na ƙasa da ku ya cire kunya ya faɗa muku ciwonsa, ku tambaye shi abin da yake bukata, kada ku yanke masa abin da zai iya.

Waccan Larabar dai muka kama hanyar Haɗejiya rana na fitowa. Mun wuce Gezawa sai ga kiran Umma. Na zaci magani za ta tuna mini, sai na ji ta ce, "Kun kai ina?"

Na faɗa mata.

"Me kike gani?"

Na ce ba wani abu, Umma, bishiyoyin kuka ne, da Fulani suna kora shanu, da wata mota da ta sha lodin albasa har ta karkace.

Ta ce, "To, ci gaba da faɗa mini."