Bishiyar Da Kawu Ayuba Ya Ƙi Faɗin Sunanta

Ku da kuka san Kawu Ayuba mai faci, na san kafin ku tuna fuskarsa sai kun tuna bokitinsa, wannan lanƙwasasshen da ya sha liƙi har aka rasa gindinsa na asali. Da shi yake zagayawa bayan majami'armu ta Sabon Birni, yana ɗingishi yana gunaguni, ya je ya shayar da zunubansa.

E, zunubansa na ce! Wan mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi, don haka na fi kowa shan kunyar abin. Duk damina in ruwa ya zauna, sai ya zaɓi mugun hali ɗaya tak da yake so ya bari, ya dasa bishiya, ya raɗa mata sunan halin. Duk ranar da ya koma wa halin kuwa, sai ya ɗebo bokiti guda a rijiya ya zuba mata, da rana tsaka, kowa na kallo.

Fasto ya taɓa ce masa, "Baba, mi zai hana ka bar su duka rana ɗaya?"

"Fasto, taya mai huda goma, ɗaya-ɗaya nika liƙe ta. Sannu ba ta hana zuwa."

Kun san bishiyar Zagi, dogon yaron nan da ya kere rufin majami'a. Ai ba banza ya yi wannan tsawo ba, ruwa ya sha. Wata rana wani ɗan kabu-kabu daga Burkusuma ya taka masa famfon iska da babur. Kawu ya miƙe, jijiyar wuya ta tashi, ya ce, "Kai ɗan..." sai idonsa ya faɗa kan bokiti. "Ɗan albarka."

Muka yi ta tafi. Can sai ga shi ya suri bokitin ya nufi rijiya.

"Kawu, ai ba ka zage shi ba!"

"Na ƙarasa ta a ciki."

Ita kuwa Taba, wadda ya dasa don ya bar tabar gari, akuyar maƙwabcinmu Malam Sani ce ta cinye ta har ƙasa. Malam ya bar ɗalibansa ya zo ban haƙuri da kansa. Kawu ya ce, "Malam, ka gaishe min da akuyag ga. Shekara ukku ina fama da Taba, ita da hantsi guda tag gama da ita." Ya dasa wata, ya kewaye ta da ƙaya, yana kewayewa yana ɗura taba a leɓe.

Rowa ce ta fi ba shi wahala, don da gangan ya sa ta zama mangwaro. Ranar da ta fara nuna, matan zumunta suka biyo bayan sujada suna tsinka. Ya tsaya yana murmushi irin na mai ciwon haƙori, yana cewa, "Ku ɗiba, ku ɗiba. A'a, Saratu, da kwando kinka zo?" A ranar sau uku ya je rijiya.

To, ga inda dariya take tsaya mini a wuya. Na dawo daga makarantar Littafi Mai Tsarki da kwat da takalmi mai ƙara, ina jin ni da sama taku biyu ne. Fasto ya ba ni wa'azin Lahadi. Na hau bagade na buga hannu na ce akwai wanda ya shekara talatin yana tuba da bokiti, alhali mai bi na ƙwarai rana ɗaya yake zama sabo. Ban kama suna ba, amma majami'ar da ba ta cika benci goma ba, wa ke bukatar suna? Kowa ya waiwaya, aka fashe da dariya. Kawu na can baya, hularsa a gwiwa. Mutumin da ya goya ni a keke har asibitin Isa lokacin da ƙyanda ta kusa kashe ni. Da aka tashi ya miƙo mini hannu ya ce, "Wa'azi ya yi, Istifanus. Takalmin ma ya yi."

Da damina ta zo ya dasa wani dogon yaro can ƙarshen layi, ya ƙi faɗin sunansa. Aka tura ni aikin bishara a garin Isa. Duk zuwan da na yi sai in ga bishiyar ta ƙara yin shar, har nakan tsokane shi.

"Kawu, wanga wane irin zunubi ne? Ya kusa kamo Zagi!"

"Shina nan dai," in ji shi, ya ci gaba da goga roba.

Ni kuwa mai zama sabo rana ɗaya, in na daka wa matata Hannatu tsawa a kan gishirin miya, har maƙwabta sai sun leƙo. Ban taɓa ɗaukar bokiti ba. Ban kuma taɓa cewa Kawu ya yi haƙuri ba, shekara bakwai cur.

Bara da kaka aka aiko mini jikinsa ya yi tsanani. Na same shi kwance a tabarma da la'asar, ya rame. Ya yafuto ni.

"Iccen nan na ƙarshe, sunanai Haushin Istifanus. Tun ranar wa'azin takalmi. In na tuna, sai bokiti. Wata rana biyu."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bishiyar da nake yi wa ba'a saboda ganyenta, ashe ni nake sa shi jan guga da ƙafa mai ciwo. Na durƙusa, na buɗe baki.

"Tsaya, kak ka yi min wa'azi," ya ce. "Tun bara ban ba shi ko ɗigo ba. Da kash shigo yanzu na duba cikina, ban iske komi ba. Na daɗe a hanya, amma na iso. Za ni gida da sauƙi."

Na ce, "Kawu, ka gafarta mini."

"Ka makara, ɗana. An riga an gama."

Kwana huɗu bayan haka ya rasu. Keke da famfo ya bar wa ikilisiya, bokitin kuma ya ce a ba ni. Daminar bana, da na dawo gida da zama, na dasa tawa kusa da tasa, sunanta Girman Kai. Hannatu ta ce ba ta taɓa ganin dashe mai saurin kamawa irinta ba.

Ya Ubangiji Yesu, ga bawanka Ayuba ya iso gare ka a hankali, yana ɗingishi. Ka ba shi hutu a inuwarka. Ni kuma da na yi masa dariya, ka yi haƙuri da ni kamar yadda ka yi da shi, don yanzu na fara tafiyar. Amin.